Gidajen da Suka Share a Misisipi

Daga Atlanta zuwa Jackson tafiyar jirgi ba ta da wani tsawo, kafin ka gyara zama an ce a ɗaura bel za a sauka. Ɗan yayana da ke aikin jinya a garin shi ya zo tarbata, kuma tun a mota ya fara ba ni haƙuri kan ramukan titi, sai ka ce shi ya haƙa su. Jackson ita ce hedikwatar jihar Misisipi, amma ba irin Amurkar da muke gani a talabijin ba ce. Ga gine-gine an rufe ciyawa ta cinye, ga shaguna babu kowa. Kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna garin baƙar fata ne. Turawa masu hali sun fara ficewa zuwa unguwannin bayan gari tun da kotu ta tilasta haɗa makarantu a 1970, suka tafi da harajinsu. A watan Agustan 2022 sai da garin ya yi kwanaki famfo ba ruwa, sojoji na raba na roba a bakin hanya.

Ya tambaye ni wuraren da nake son gani. Na ce Belhaven.

"Gwaggo, ai unguwa ce kawai. Gidaje ne da bishiyoyi."

Na ce su nake son gani. Dalili kuwa shi ne littafin nan na ƙagaggen labari mai suna The Help, wanda Kathryn Stockett, Baturiya haifaffiyar Jackson, ta fitar a 2009, aka kuma mayar da shi fim a 2011. Labarin yana faruwa ne a nan Jackson, har da gidajen Turawa na unguwar Belhaven, a farkon shekarun 1960, lokacin da doka ta raba fari da baƙi a makaranta da asibiti da motar haya har da maƙabarta. Wata budurwa Baturiya mai son zama marubuciya ta riƙa ganawa a ɓoye da mata baƙaƙe 'yan aikatau, suna ba ta labarin abin da suke gani a gidajen iyayen gidansu. A gefe guda ga wata ƙawarta ta dage sai kowane gida ya gina wa 'yar aikinsa bayan gida daban a waje, wai don gudun cuta. Matar da ke dafa miki abinci, ta yi wa jaririnki wanka, ta goge masa majina, ita ce ba ta isa ta zauna inda kika zauna ba. Wannan wuri marubuciyar ta kama shi da kyau, ba zan hana ta ba.

Belhaven ta yi kyau, gaskiya. Titunan sun hau tudu sun gangara, manyan itatuwa sun yi rumfa a sama, gidajen bulo da na katako kowanne da barandarsa da kujerar lilo. Babu katanga ko ɗaya, sai ciyawa da aka aske ƙwal. Muka bar mota muka taka da ƙafa. Abin da idona ya riƙa bi shi ne 'yar siririyar hanyar da ke bin gefen kowane gida ta zagaya baya, inda garejin mota yake da ƙofar kicin. Ta nan matan suke shiga da sassafe bayan sun sauko daga bas, cikin farin yunifom. Ƙofar gaba sai dai su share ta, su goge marikinta. Babu allo ko ɗaya a unguwar da ya ambaci haka, kuma in ba wani ya gaya maka ba za ka ɗauka hanyar fitar da shara ce kawai.

Wadda ta buɗe mini ido sosai maƙwabciyar yaron ce, wata dattijuwa da ta haura saba'in, tsohuwar malamar firamare. Ta ji an ce gwaggonsa ta zo daga Afirka, sai ga ta da faranti an rufe, wainar masara da ganye, ta kuma rantse mini babu naman alade a ciki don ta san halin maƙwabcinta. Ina ce mata Mama, tana ce mini 'yar uwa. Da hira ta kai kan littafin sai ta yi wata 'yar dariya ta kaɗa kai.

Mahaifiyarta ta yi aikatau sama da shekara talatin a gidajen Turawa. Dala uku a yini da kuɗin mota, in ji ta, kuma yinin ba shi da ƙa'ida: in an yi baƙi sai an wanke kwano na ƙarshe. Tana da kofinta da farantinta daban a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. 'Yar shekara biyar a gidan tana kiranta da sunanta gatsal, ita kuwa dole ta ce wa yarinyar Mis wance tun kafin ta yi hankali. Da yamma takan dawo da sauran abinci a kwano da tsofaffin tufafi, uwar gida kuma tana lissafa wannan a cikin alherin da take yi mata, shi ya sa ba a maganar ƙarin albashi.

"Kowa tambayarsa ita ce, shin tana son yaran Turawan nan da ta rena? Ai tana son su, yaro yaro ne. Ba wanda ya taɓa tambayata wa ya rene mu. Ni na rene mu. Ina da shekara tara nake hawa akwati in dafa wa ƙannena huɗu abinci. Ranar Kirsimeti ba mu taɓa cin abincin rana da uwarmu ba, tana can tana gasa musu talotalo."

Na tambaye ta ko ta kalli fim ɗin. Ta ce ta kalla, ta yi dariya inda ake dariya, ta fito ranta a jagule. Abin da ya fi damunta shi ne an nuna kamar babbar masifar 'yar aiki ita ce uwar gida mai baƙin hali. Maigida fa? Ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa barin wata 'yarta ta je taya ta aiki ranar da matar gidan ba ta nan ba, kuma ba sai an yi musu bayani ba. Wannan magana ba ita kaɗai ta yi ta ba. A 2011 ƙungiyar mata baƙaƙe masana tarihi ta Amurka ta fitar da sanarwa tana sukar littafin da fim ɗin kan yadda suka kau da kai daga cin zarafin da mazan gida ke yi wa 'yan aiki, da yadda aka murguɗe harshen baƙaƙe. A shekarar dai wata mata da ta daɗe tana aiki a gidan ɗan'uwan marubuciyar ta kai ƙara tana neman dala 75,000, tana cewa da ita aka gina babbar tauraruwar labarin ba da izininta ba. Marubuciyar ta musanta, kotu kuma ta kori ƙarar saboda wa'adin shigar da ita ya wuce, ba a ma kai ga duba gaskiyar zancen ba. Ita kanta Viola Davis da ta fito a matsayin 'yar aikin ta ce a 2018 tana da-na-sani, don a ƙarshe ba muryar 'yan aikin aka ji ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A littafin, wadda ta tattara labarin ita ta samu aiki a New York, wadda ta ba da labarin kuwa kora aka yi mata.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda labarin ya sa mai karatu ya ɗauka sai da Baturiya ta zo da biro sannan bakin matan ya buɗe. A wannan gari na Jackson, a watan Yunin 1866, shekara guda kacal da ƙare yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta, mata baƙaƙe masu wankau suka taru suka rubuta wa magajin gari takarda. Suka ce daga yau farashi ɗaya ne: dala ɗaya da rabi wankin yini, dala 15 a wata ga iyali, dala 10 ga mutum guda, duk wadda ta karya farashi a cikinsu za a ci ta tara. Matan da jiya-jiya ake sayar da su a kasuwa. A Atlanta a 1881 masu wankau dubbai suka yi yajin aiki. A Montgomery ta jihar Alabama, ƙauracewa motocin bas da aka yi kwana 381 daga Disambar 1955 ƙafafun 'yan aikatau ne suka ɗauke ta, su ne mafi yawan fasinja, su suka riƙa taka mil-mil zuwa gidajen aiki. Wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna soya kaji da gasa kek suna sayarwa, kuɗin na tafiya wajen man motocin da ke jigilar mutane. A 1968 Dorothy Bolden, wadda ta fara aikatau tun tana yarinya, ta kafa ƙungiyar 'yan aikin gida a Atlanta, a cikin bas take neman mambobi, kuma sharaɗin shiga shi ne ki yi rajistar zaɓe.

Batun albashi kuma ba halin uwar gida kaɗai ba ne, an rubuta shi a doka. Da gwamnatin Roosevelt ta kawo tsarin fansho na ƙasa a 1935, da dokar mafi ƙarancin albashi a 1938, an cire ma'aikatan gona da 'yan aikin gida, wato sana'o'i biyun da suka ɗebi mafi yawan baƙaƙen Kudu. A 1940, cikin kowace mace baƙa goma masu aiki a Amurka, kusan shida aikatau suke yi. Sai a 1974 dokar albashin ta waiwaye su. Amma ta fannin nuna ƙauna ba a yi rowa ba: a 1923 majalisar dattawa ta amince a kafa gunki a Washinton don tunawa da amintattun bayi mata da suka reni 'ya'yan Turawa, kuma sanatan Misisipi, John Sharp Williams, shi ya gabatar da ƙudurin. Mata baƙaƙe irin su Mary Church Terrell suka tayar da ƙura har maganar ta mutu a majalisar wakilai. A gina maka gunki a hana ka fansho, wannan wace irin soyayya ce?

Daga Belhaven zuwa gidan Medgar Evers bai fi tafiyar kwata a mota ba. Ƙaramin gida ne mai shuɗin fenti da ya ja kore, kuma ba shi da ƙofa ta fuskar titi. Da gangan aka gina shi haka, ana shiga ta gefe inda ake ajiye mota, don mai gidan ya san ana farautarsa. Katifun yara a ƙasa suke, ƙasa da taga. Evers shi ne sakataren NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, na jihar. Bayan tsakar daren 12 ga Yunin 1963 ya sauko daga mota, aka harbe shi ta baya daga cikin duhuwar da ke tsallaken titi, matarsa da 'ya'yansa uku suna ciki. Harsashin ya ratsa shi, ya fasa taga, ya huda bango, ya bugi firij a kicin. Yana da shekara 37. Wanda ya kashe shi, Byron De La Beckwith, an gurfanar da shi sau biyu a 1964, masu taya alƙali yanke hukunci duka Turawa suka kasa cimma matsaya, sai a 1994 aka ɗaure shi. Bindigar tana nan a gidan tarihin gwagwarmayar 'yanci da jihar ta buɗe a Disambar 2017, inda aka jera sunayen ɗaruruwan mutanen da gungun Turawa suka kashe ba shari'a. Kisan Evers yana cikin littafin, amma tsayuwa a wurin ajiye motar nan ya sa na gane girman kasadar da ke cikin buɗe baki a wancan zamani fiye da duk shafukan da na karanta.

Mun bi ta titin Farish, wanda a da shi ne kasuwar baƙaƙe, da likitocinsu da lauyoyinsu da silimarsu. Yanzu rabinsa kango ne. Akwai wani tsohon shagon abinci da ya yi suna wajen burodi da kunnen alade, a samansa Evers ya taɓa yin ofis. Na leƙa na gaishe su na wuce.

A hanyar komawa gida yaron ya sako ni gaba. "Gwaggo, kina ta jin haushin Turawa. Boskwatan da ke bayan gidajen Nasarawa fa, wa ke kwana a ciki yanzu?" Ya faɗi gaskiya. Turawan mulkin mallaka suka gina su don kuku da boyi, da suka tafi muka gāji gidajen har da tsarin. Kowa ya san matan da ke zuwa ƙauye su kwaso 'yan mata ƙanana su rarraba a gidajen Kano da Kaduna da Abuja, kuɗin wata ya bi ta hannunsu kafin ya kai ga iyaye. Kowa ya san kwanon 'yar aiki daban yake, kuma ita ke riƙe da jakar makarantar sa'arta. Ba ɗaya ba ne da Misisipi, babu dokar da ta ce launin fatarki ya hana ki zaɓe, babu wanda za a rataye don ya yi magana. Amma kalmar da matan Turawa ke kare kansu da ita, cewa ai tamkar 'yar gida take, na ji ta da Hausa ba sau ɗaya ba.

Da dattijuwar ta ji za mu Greenwood, inda aka ɗauki mafi yawan fim ɗin, ta ce a tafi da ita, tana da ƙanwa a Indianola. Tafiyar kusan awa biyu ce arewa. Kana wuce Yazoo City tuddai suke ƙarewa, ƙasa ta shimfiɗe har iyakar gani. Lokacin cirar auduga ne, injuna sun naɗe ta dunƙule-dunƙule cikin leda rawaya an jera a bakin gona, babu mutum ko ɗaya a duƙe. Ta ce kakarta da hannu ta tsinci wannan auduga, kuma aikin gidan Bature a lokacin ci gaba ne, ko ba komai kana cikin inuwa.

An zaɓi Greenwood ne saboda garin bai sake kama ba tun shekarun 1960. Arewa da kogin Yazoo akwai Grand Boulevard, titi mai faɗi da ɗaruruwan itatuwa da manyan gidaje masu ginshiƙai, nan aka samo gidajen iyayen gida. Gidajen 'yan aikin kuma ba sai an gina na wasa ba, an same su a tsaye a Baptist Town, tsallaken layin dogo: 'yan tsukakkun gidajen katako, ɗaki na bin ɗaki a layi ɗaya, wasu rufin ya lotsa. Mutane ne ke zaune a ciki har yau. Akan ba baƙi taswirar wuraren da aka ɗauki fim, mun ga wasu Turawa biyu suna ɗaukar hoto a gaban ɗaya daga cikin manyan gidajen. De La Beckwith ɗan wannan gari ne. Haka kuma Booker Wright, wani baƙi mai kai abinci a gidan cin abinci na Lusco's, wanda a wani shirin talabijin na NBC a 1966 ya bayyana yadda yake murmushi yana ladabi ga masu zaginsa, zuciyarsa na ƙuna, don kawai 'ya'yansa su yi karatu. 'Yan mintoci ya yi yana magana. Ya rasa aikin da ya shekara da shekaru yana yi, wani ɗan sanda kuma ya yi masa dukan da sai da aka kwantar da shi a asibiti.

Mil goma arewa da garin akwai ƙauyen Money. Kantin da aka ce Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 daga Chicago, ya yi wa matar mai shago fito a Agustan 1955, ya zama kufai, kurangar daji ta lulluɓe bangon. An tsamo gawarsa a kogin Tallahatchie, waɗanda suka kashe shi kuma kotu ta sallame su bayan shawarar masu taya alƙali da ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Dattijuwar ba ta fito daga mota ba.

Ta fito a Ruleville, a kabarin Fannie Lou Hamer. Ita wannan baiwar Allah shekara 18 ta yi tana aiki a gonar wani Bature, tana riƙe masa lissafin auduga, tana kuma share masa gida. Ta taɓa ba da labarin ranar da take wanke bayan gidajen gidan, 'yar maigidan ta ce mata kada ta wahalar da kanta da wancan, na kare ne, alhali ita a nata gidan ba ta da bayan gida mai aiki. Ranar 31 ga Agustan 1962 ta je Indianola yin rajistar zaɓe. Da ta dawo maigidan ya ce ko ta janye ko ta bar masa gona. Ta ce masa ba don shi ta je ba, don kanta ta je. A daren ta bar gidan. A Yunin 1963 aka yi mata dukan kawo wuƙa a kurkukun Winona, ta fito ta tarar da labarin kisan Evers, a 1964 kuma ta zauna gaban kyamarori a babban taron jam'iyyar Democrat ta zayyana komai da bakinta. Karatunta bai wuce aji shida ba.

Mun isa Indianola da la'asar sakaliya. Ƙanwar ta soya mana tarwaɗa da garin masara, don yankin ya shahara da kiwonta, ta kuma shimfiɗa mini tawul mai tsabta na yi salla a ɗakinta. 'Yarta tana shirin fita aikin dare: tana kula da wata tsohuwar Baturiya, ta yi mata wanka, ta ba ta magani, ta juya ta a gado. Yanzu kamfani ne ke tura ta, akwai takarda, akwai awoyi, ana kiranta da sunan da ta zaɓa. Sai dai Misisipi ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi tata ta kanta, na tarayya ake bi, dala 7.25 a awa, wanda bai motsa ba tun 2009. Motarta ta lalace, muka rage mata hanya.

A mota ta yi ta tambayata Najeriya, abinci da zafi da ko gaskiya ne kowa na da mai aiki a gida. Na ce ba kowa ba, amma da yawa. Ta ce nawa ake biyansu? Na faɗi abin da na san ana bayarwa a unguwarmu, yaron ya buga a waya ya mayar da shi dala, ya gaya mata.

"A yini?"

"A wata," in ji shi.

Ta juyo daga kujerar gaba ta dube ni, sannan ta ce masa ya sha kwana a hannun dama, gida na uku ne.